Minshari da mantuwar Baba: gigin tsufa ne?

Tambaya: Likita, mahaifinmu shekararsa 63, muna Unguwar Rogo a Jos. Yana minshari sosai, wani lokaci numfashinsa ya ɗauke sai ya zabura. Da rana gyangyaɗi, ga manta saƙon da aka ba shi jiya. Gigin tsufa ne ya fara?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin a ce tsufa ne, a binciki barcinsa tukuna.

Abin da mutum ya ji ko ya gani da rana, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa ne ke riƙe shi na wucin gadi. Sai barci ya yi nauyi, galibi a farkon dare, ake kwashe shi zuwa inda zai daɗe. To wanda maƙogwaronsa ke toshewa cikin barci, numfashi kan tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi. Idan abin ya tsananta yakan wuce sau 30 a awa guda, shi kuwa bai sani ba. Ya kwana, amma barcin bai nutsa ba, saƙon jiya bai samu wurin zama ba.

A 2013, Maiken Nedergaard ta Jami'ar Rochester a Amurka ta nuna a jikin ɓeraye cewa lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ta fi wanke amiloid, sinadarin da ke taruwa a cutar Alzheimer, wani nau'in gigin tsufa. A 2021 kuma, binciken ma'aikatan gwamnati kusan 8,000 a Ingila ya gano waɗanda suka saba barcin awa 6 ko ƙasa tun daga shekara 50 sun fi fuskantar gigin tsufa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Alaƙa ce dai, ba tabbacin cewa ƙarancin barcin ne sanadi ba, don cutar kanta kan ɓata barci tun kafin mantuwa ta bayyana.

Ku ɗauki bidiyonsa da waya yana barci, ku kai wa likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a auna jininsa da suga. Ya riƙa kwanciya a gefe, ba rigingine ba. Goro da shayi su tsaya daga azahar. Ina roƙonki, kada a sayo masa maganin barci a kemis: irin su diazepam suna sassauta maƙogwaro, su ƙara mantuwa.

In kuwa ya soma ɓata a hanyar masallaci, ko lissafin kuɗi ya gagare shi, ko yana naushi da shuri cikin mafarki, wanda kan riga cutar Parkinson (mai sa karkarwar jiki) zuwa da shekaru, to likitan ƙwaƙwalwa za ku nema ba tare da jinkiri ba.