Filin Tambaya da Amsa: Alƙalamin Tawada, da Wanne Ake Farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Birnin Kebbi. Lokacin da muke rabon kayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na tarar da wani alƙalamin tawada ƙirar Hero a cikin akwatinsa na ƙarfe, kuma tun daga ranar sha'awar irin waɗannan alƙaluma ta kama ni. Ina so in fara tara su, amma albashina na malami ne. Da wanne zan fara, kuma wace tawada ce za ta ɗauki aikina na kullum, wato rubuta darasi, cika rajista da duba takardun ɗalibai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ka riga ka fara tarin ba tare da ka kashe ko kwabo ba, domin alƙalamin da ka tarar a akwatin nan shi ne na farko, kuma ba na jin za ka sayi wani da zai kai shi daraja a wurinka. Kamfanin Hero yana birnin Shanghai na ƙasar Sin, kuma alƙalumansa da suka fi bazuwa, irin su Hero 616, an kwaikwayi siffarsu ne daga Parker 51 wanda ya fito a Amurka a 1941. Alamarsu ita ce bakin ƙarfen a lulluɓe yake cikin roba, ɗan tsininsa kaɗai ke leƙowa, kuma lulluɓin yana rage saurin bushewar tawada a baki, abin da duk wanda ya yi rubutu cikin hunturun Kebbi ya san amfaninsa.

Kada ka yi gaggawar zuba masa tawada. Ka kwance gangar jikinsa, idan irin Hero 616 ne za ka ga 'yar jakar roba a cikin kwanson ƙarfe, wadda ake matsawa a saki ta zuƙi tawada. Ka tsoma bakin a cikin kofin ruwa mai tsabta mara zafi, ka riƙa matsawa kana saki a hankali, za ka ga tsohuwar tawadar da ta shekara da shekaru a bushe tana fitowa kamar hayaƙi tana rina ruwan. Ka bar shi ya kwana a jiƙe, ka sake ruwa, har sai abin da ke fita ya zama garau. Ruwan gora ya fi na rijiyar burtsatse a wannan aiki, saboda wani ruwan rijiyar yana barin farin gishiri a ƙananan hanyoyin tawada. Ruwan zafi da sifirit kuwa kada su kusance shi, suna lalata roba. In ka tarar jakar ta ƙage ko ta tsage, kada ka tilasta mata. Ka goge alƙalamin ka adana shi, ana iya sake jaka in an sami mai gyara.

Game da saye, shawarata ɗaya ce kuma ina riƙe da ita da gaske: ka sayi alƙalami ɗaya, ka yi rubutu da shi kullum na tsawon wata uku, sannan ka yi tunanin na gaba. Hoto a intanet ba zai gaya maka ko hannunka yana son alƙalami mai nauyi ko mara nauyi ba, ko siririn layi ne ya dace da rubutunka ko mai kauri; shafuffukan da ka cika ne kaɗai za su gaya maka. Wanda ya sayi shida a wata guda yakan ƙare da shida masu aibi iri ɗaya, domin bai tsaya ya gane abin da bai yi masa ba a na farkon.

Ga mai albashin malami akwai alƙaluma nagari da ba su kai kuɗin manya ba. Mafi araha a cikinsu shi ne Platinum Preppy na Japan, wanda murfinsa ke rufe baki gam, har alƙalamin kan yi makonni a ajiye ya tashi da rubutu nan take. Sama da shi akwai Pilot Metropolitan, shi ma na Japan, mai jikin ƙarfe da ɗan nauyi, sai Lamy Safari na Jamus da ya fito a 1980, wanda aka yi da roba mai jure faɗuwa, aka kuma sassaƙe mariƙinsa yadda zai zaunar da yatsu a wurinsu. Wasu suna son wannan mariƙin, wasu kuwa yana takura musu, don haka in ka sami mai shi ka roƙa ka riƙe tukuna. Alƙaluman Jinhao na Sin sun fi waɗannan sauƙin kuɗi, sai dai ingancinsu ba ya zuwa daidai, wani ya yi daɗin rubutu, ɗan'uwansa ya riƙa kartar takarda. Ka kuma yi hattara da jabu, domin Lamy Safari na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma farashin da ya yi araha fiye da kima shi ne alama ta farko. Bakin zinari ba dole ba ne. Abin da ke taɓa takarda, a na zinari da na baƙin ƙarfe duka, ɗan ɗigo ne na wani ƙarfe mai tauri da aka liƙa a tsinin.

A jikin kowane baki za ka ga harafi: EF mafi siriri, F siriri, M matsakaici, B mai kauri. Na Japan sun fi na Turai siriri, ta yadda F na Pilot ya yi kusa da EF na Lamy. Wannan yana da muhimmanci a wurinka ƙwarai, domin littattafan rubutu na ɗalibai da rajistar makaranta yawanci takardarsu sirara ce mai shan ruwa, baki mai kauri yakan zuba mata tawadar da ta fi ƙarfinta, harafi ya yi gashi-gashi, ya kuma ɓulla ta bayan shafi. Ka tsaya a kan F.

Sai yadda alƙalamin ke shan tawada. Yawancinsu suna zuwa da 'yar kwalbar roba da aka riga aka cika, wadda ake sokawa a jefar in ta ƙare, amma Pilot da Platinum da Lamy da Parker kowanne da irin tasa, galibi ta wannan ba ta shiga wancan, kuma ba abu ne da za ka dogara da samunsa a shagon unguwa ba. Saboda haka ranar da za ka sayi alƙalami ka haɗa da 'yar famfonsa, wadda ake murzawa ko matsawa ta zuƙo tawada daga kwalba. Kwalba mai mililita 50 za ta cika irin wannan famfon sau da dama fiye da hamsin, tunda yawancinsu ba su kai mililita ɗaya ba.

Tawadar kullum kuwa, ka fara da tsofaffin da aka daɗe ana gwadawa: Parker Quink da ke kasuwa tun 1931, ko Pelikan 4001, ko ta Waterman. A kan takarda irin tamu na fi son Pelikan 4001, saboda ba ta kwarara da yawa, tana tsayawa inda aka sa ta. Launin da ya fi dacewa da aiki shi ne shuɗi mai duhu, wanda ake rubuta Blue-Black a kwalbarsa, domin yana da kwarjinin baƙi, ana kuma bambanta shi da kwafin injin hoto. Jar tawada ta duba takardun ɗalibai ka ware mata alƙalaminta daban, mai araha, domin ja tana yawan daskarewa a baki, tana kuma wuyar fita. Kada ka gauraya tawada biyu, kuma in za ka sauya launi ka wanke alƙalamin tas. Kafin ka amince da kowace sabuwar kwalba, ka yi layi uku a shafin ƙarshe na littafin da za ka yi aiki da shi, ka juya ka duba baya.

Da na mahaifinka, da ɗaya na shuɗi, da ɗaya na ja, aikinka ya kammala da alƙaluma uku. Abin da ya biyo baya sha'awa ce, kuma ta fi daɗi in tana da alƙibla, kamar ka bi alƙaluman Hero na zamanin iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, ko ka nemi ɗaya daga kowace ƙasa. Ko sun kai ashirin, kada ka bar fiye da uku da tawada a ciki. Sauran a wanke su, su bushe, a ajiye su nesa da rana.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Jega. Daminar bara rufin shagona ya yi yoyo a kan littafin bashi, shafi huɗu da na rubuta da alƙalamin tawada suka wanke, na biro suka tsira. Shin in haƙura da alƙalamin ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Laifin na tawadar ne. Yawancin tawadar kwalba rini ne da aka narka a ruwa, don haka ruwa ke ɗauke ta, kuma shuɗi mai haske irin na 'yan makaranta, kamar Royal Blue na Pelikan, da gangan aka yi shi mai wankuwa don ya fita daga tufafi. Abin da ya dace da littafin bashi iri biyu ne. Akwai tawada mai sinadarin ƙarfe, irin su Salix ta kamfanin Rohrer & Klingner na Jamus, wadda ke sauka a takarda da haske, sai ta yi ta duhu yayin da iska ke taɓa ta, ta kama takardar yadda ko ruwa ya wanke shuɗin, rubutun yana nan ana karantawa. Akwai kuma mai garin baƙi da aka niƙa lukui don ya ratsa alƙalami, kamar Platinum Carbon Black, wadda in ta bushe ruwa ba ya motsa ta. Dukansu biyu suna son kulawa: a yi rubutu da alƙalamin kullum, a wanke shi kamar sau ɗaya a wata, kada a bari su bushe a ciki. In ba ka sami ko ɗaya ba, gaskiya ita ce ka rubuta bashi da biro, tunda tawadarsa ta mai ce, ka bar alƙalamin ga wasiƙa. Haƙƙin mutane ya fi daɗin rubutu. Rasit mai kwafi a ƙasa ma na biro ne, domin yana buƙatar dannawa, alƙalamin tawada kuwa dannawa tana buɗe masa baki ta lalata shi.

Tambaya: Ina rubutun ajami da na Larabci a Gwandu, kuma ni nake dafa tawadata. Zan iya zuba ta a alƙalamin zamani?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, a'a, ina roƙonka kada ka gwada. Ina yaro na taɓa ɗibar tawadar allo daga kurtu na ɗura a alƙalamin kawuna, da nufin in taimake shi. Ya yi layi biyu baƙi wuluk masu kyau, washegari ya ƙi motsi, kuma har yau ina tuna kawu zaune a zaure yana jiƙa shi a kofi kwana da kwanaki bai ce mini komai ba, alƙalamin bai sake rubutu daidai ba. Dalili shi ne a ƙarƙashin bakin ƙarfen akwai wata baƙar roba mai tsaga sirara kamar gashi, ta nan tawada ke gangarowa, iska kuma ta hau ta maye gurbinta. Ƙaron da ke sa tawadarmu ta kama allo, da garin gawayin da ke cikinta, su ne ke toshe wannan tsagar in sun bushe. Haka tawadar zane, da ta hatimi, da ta injin buga takardu.

Tawadarka ba ta gaza ba, alƙalamin gamba aka yi ta domin shi, kuma rubuce-rubucen malaman Gwandu na ƙarni na 19 da har yanzu ake karantawa sun isa shaida. Hasali ma tawada mai sinadarin ƙarfe da na ambata wa Alhaji 'yar'uwar wadda ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe ce, sai dai an tace ta an daidaita ta don alƙalamin zamani. In kana son kauri da sirantar harafi irin na gamba, ka nemi Pilot Parallel, mai faffaɗan baki da ke zuwa da faɗin milimita 1.5, 2.4, 3.8 da 6. Ka kuma lura cewa mai rubutu daga dama zuwa hagu da hannun dama, gefen hannunsa yana bin sawun abin da ya rubuta, don haka ka zaɓi tawada mai saurin bushewa, ka sa 'yar takarda a ƙarƙashin hannunka.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Yauri. Alƙalamina yana zubar da tawada a cikin murfi duk lokacin da na fito da shi daga jaka da rana. Ya lalace ne?

Amsa: Malama, da wuya in ya lalace. Zafin bazara, wanda a Afrilu yakan haura digiri 40 a yankinmu, yana kumbura iskar da ke cikin ma'ajiyar tawada, ita kuma ta turo tawadar waje, kuma abin ya fi tsanani in tawadar ta kusa ƙarewa, tunda iskar ta fi yawa a lokacin. Ki riƙa cika shi kafin ya yi ƙasa sosai, ki tsayar da shi a aljihun jaka bakinsa na kallon sama, kada ki bar jakar a rana ko a cikin mota a rufe. Murfin kuma ki ɗauraye shi da ruwa, ki naɗe 'yar takarda mai laushi ki tsane cikinsa kafin ki mayar.