Na Yi wa Kajina Rigakafi, Amma Suna Mutuwa

Wata Hajiya daga Funtuwa ta rubuto cewa kajinta sun fara gudawa mai fari-fari suna takurewa, ta sayo antibayotik iri uku masu tsada ta zuba musu a ruwa, amma mutuwar ba ta tsaya ba. Hajiya, na sha faɗa a wannan fili cewa antibayotik ba ya kashe nau'in ƙwayar cutar da ake kira bairos, kuma mai yiwuwa shi ne ke damun kajinki, don haka ki daina zubar da kuɗinki, ki kai gawar kaza ɗaya ko biyu wurin likitan dabbobi a fede ta, a gano abin da ke damunsu.

Wani Malam daga Zariya kuma ya ce ya yi wa 'yan tsakinsa 500 rigakafin Gumboro, amma da suka cika mako huɗu cutar ta shigo ta kwashe da yawa, yana tambaya ko jabun magani aka sayar masa, ko kuwa cutar ce ta fi ƙarfin rigakafin.

Malam, cutar tana iya sauyawa, kuma ya kamata ka san yadda hakan ke faruwa. Idan bairos ya shiga jikin kaza ɗaya, yakan hayayyafa zuwa miliyoyi cikin 'yan kwanaki, kuma ba kowane kwafi ne yake fitowa daidai da na asali ba, domin irin su Gumboro da Niyukasil da murar tsuntsaye suna yawan kuskure wajen kwafar kansu. Garkuwar jikin kaza tana gane bairos ne ta rigar da ke jikinsa. Waɗanda ta gane sai ta kama su, wanda kuwa kuskuren kwafi ya ɗan sauya masa riga sai ya sulale, ya hayayyafa, ya fita cikin kashi ya shiga kaza ta gaba. Kazar da garkuwarta ta yi ƙarfi sosai tana murƙushe bairos tun bai yawaita ba. Haɗarin yana wurin kazar da garkuwarta rabi-rabi ce, wadda ke kashe raunanan ta bar masu taurin kai, tamkar rariya ce da ke tace muku mafi munin iri.

An ga haka a zahiri. Cutar Gumboro ta samo sunanta daga wani gari a jihar Delawe ta Amurka, kuma a shekarun 1980 aka sami sababbin nau'o'inta a wannan yanki waɗanda ke tsallake garkuwar da tsohon rigakafi ya bayar, sannan a ƙarshen shekarun nan wani nau'i mai tsananin kisa ya ɓullo a Turai ya bazu duniya. Cutar Marek, wadda ke shanye ƙafafun kaji, ita ma darasi ce: rigakafinta, wanda aka fara amfani da shi wajajen 1970, yana hana kaza mutuwa amma ba ya hana ta yaɗa bairos ta ƙurar gashinta, kuma tun daga lokacin ake ta samun nau'o'in da suka fi na baya zafi.

Sai dai kafin ka ɗora wa bairos laifi, ka binciki hannunka, domin a yawancin gonakin da nake zuwa matsalar a nan take. Ɗan tsako yana ƙyanƙyashewa da garkuwar da ya gada daga uwarsa, kuma idan ka ba shi rigakafin Gumboro tun wannan garkuwa na da ƙarfi, za ta kashe maganin ne kawai, idan kuma ka makara cutar ta riga ka, shi ya sa dole ka tambayi inda ka sayo tsakin ranar da ta dace. Rigakafin abu ne mai rai, wanda ya kwana cikin firjin da babu wuta ko ya sha rana a aljihu daga kasuwa zuwa gida yana iya mutuwa. Kada ka haɗa shi da ruwan famfo mai kilorin. Kafin ka ba su rigakafin a ruwan sha, ka janye wa kajin ruwa kamar awa ɗaya zuwa biyu, ka ƙara mazubai don kowace ta samu, su shanye cikin awa biyu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai raba kwalbar kaji 500 ga kaji 1,000 wai yana tattali, alhali shi ne yake ƙera garkuwar rabi-rabin da na ambata. Haka nan mai zuba sababbin tsaki kusa da tsofaffin kaji ba tare da ya kwashe diddigar da aka shimfiɗa a ƙasa ya wanke ɗakin ya bar shi ya huta ba, domin bairos ɗin Gumboro yana iya yin watanni a ɗaki bai mutu ba.

Mai tambaya daga Maraɗi kan kajin da ke faɗuwa da yawa a dare ɗaya, zankonsu ya yi shuɗi: kada ka sayar, kada ka yanka, ka sanar da jami'an kula da lafiyar dabbobi yau ɗin nan, domin yana iya zama murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a Jaji ta jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum.