Kwamfuta ta ce motata lafiya lau, amma rediyo na nuna ERROR 3

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Camry ƙirar 2005, 'yar Kwatano. Tun shigowar hunturu, in na saka faifan CD na karatun Alƙur'ani sai ya yi ta juyi yana ƙis-ƙis, can sai allon ya rubuta ERROR 1, wata rana kuma ERROR 3. Tashoshi kuwa yana kama su sarai. Na kai wa mai kwamfuta, ya jona, ya ce babu lambar matsala ko ɗaya, ya karɓi kuɗinsa. Wani ya ce in sayi sabon rediyo kawai. Mene ne abin yi?
Wani malamin makaranta, daga Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Mai kwamfuta bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba ce. Ramin nan mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda yake jona kwamfutarsa, wanda ake kira OBD-II, an wajabta shi ne a motocin Amurka tun 1996 don sa ido kan inji da hayaƙin da mota ke fitarwa. Ƙananan na'urorin da yawancin garejinmu ke amfani da su lambobin inji suke karantawa, irin masu farawa da P. Ba ruwansu da rediyo. Rediyon shi ke faɗin ciwonsa da kansa, kuma ya riga ya faɗa maka.

A littafin da ke zuwa da Toyota na wancan zamanin, ERROR 1 na nufin faifan ya yi datti, ko ya karce, ko an saka shi a kife. ERROR 3 matsala ce a cikin na'urar kanta. ERROR 4 wuta ce ta yi yawa, aikin rewaya ke nan. In kuma ya rubuta WAIT, zafi ne ya dame shi, abin da duk mai ajiye mota a rana cikin bazara zai iya gani. A bar shi ya huce.

To amma lamba ba ta nuna ɓangaren da ya lalace, abin da na'urar ta kasa yi kawai take faɗa. Da ta ce faifai ya yi datti, ma'anarsa ta kasa karantawa, ita kuwa ba ta san ko dattin a faifai yake ko a idonta ba. Tunda ka ce da hunturu abin ya fara, zargina ya fi karkata ga idon. Ɗan gilashi ne da bai wuce ƙwayar wake ba, ta cikinsa hasken leza ke fita ya dawo. Ƙura kaɗan ta isa ta dushe shi, ga shi kuma lezar motar 2005 ta riga ta tsufa.

Kafin ka kashe ko sisi, goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi zagaye. Sannan ka nemi faifai na kamfani, ba irin wanda ake ƙonawa da kwamfuta a kasuwa ba. Na ƙonawa ba ya mayar da haske sosai, shi ya sa leza mai rauni take fara ƙin sa. In na kamfani ya yi, na ƙonawa ya ƙi, ka gano inda ciwon yake. Faifan da aka manna wa takarda kuwa ka raba shi da motarka, zafi na ɗaga takardar ta maƙale a ciki.

ERROR 3 ɗin ne zai kai ka wajen mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya goge idon da auduga da ɗan sifirit, ya duba sandar da idon ke tafiya a kai, don tsohon giris in ya haɗu da ƙura daskarewa yake yi. Ya duba robar da ke jan faifai ciki. In akwai yara a gida, kada ka yi mamaki in ya zaro tsinken alawa ko katin waya. Don Allah kada ka zura wuƙa ko sukundireba ta bakin, nan ne ƙaramin gyara ke komawa babba.

In an goge, an sa giris, ERROR 3 ya dawo, mai yiwuwa lezar ce ko wani ɓangaren cikin na'urar ya ƙare. A nan ni ba zan ba ka shawarar sayen sabon rediyo ba, tunda naka na kama tashoshi. Akwai 'yar na'urar da ake sakawa a ramin kunna taba, ta karɓi karatu daga filasha ko daga waya ta Bluetooth, ta turo shi rediyon ta FM. Ka zaɓar mata lambar da babu tasha a kai a Gusau, in ba haka ba karatun zai riƙa cakuɗewa da labarai.