Tambayi Likita: Kaza da Taliya da Lemun Tsami a Kasko Ɗaya

Tambayoyin wannan mako duk a kan girki ɗaya suka taru. A soya kaza sama-sama, a zuba albasa da tafarnuwa, a ƙara romo, a juye ɗanyar taliya ta dahu a cikinsa, a ƙarshe a matse lemun tsami a barbaɗa ganyen ƙamshi. Salon girkin Italiya ne, matanmu kuma sun karɓe shi saboda yana rage wanke-wanke da cin gas.

Likita, shin babu haɗari a dafa ɗanyar kaza da taliya a tukunya ɗaya? Ni dai ina wanke kazar da lemun tsami don ya kashe ƙwayoyin cuta. Daga wata uwargida a Zariya.

Hajiya, tukunyar ba ta da laifi. Ɗanyar kaza kan ɗauko ƙwayoyin Salmonella da Kamfilobakta, masu kawo gudawa da ciwon ciki da zazzaɓi, amma duk suna mutuwa idan zafin tsakiyar naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas. Abin lura shi ne lokaci. Taliya kan dahu cikin kamar minti 10, cinyar kaza mai ƙashi kuwa ba ta dahuwa a wannan ɗan lokaci, balle kazar Hausa da ke da tauri. Saboda haka ko dai ki yanka tsokar ƙanana, ko ki bar kazar ta yi nisa a wuta kafin ki zuba taliya. Kafin ki sauke, ki tsaga inda ya fi kauri, kusa da ƙashi. In kin ga ja, ko ruwan da ya fito yana da alamar jini, ki mayar.

Maganar lemun tsami kuwa, yana rage ƙarni, wannan gaskiya ne. Amma kada ki dogara da shi wajen kashe cuta, wuta ce kaɗai ke wannan aikin. Wankin ma yana da nasa haɗarin, domin ruwan da ke fantsama daga jikin kazar shi ke kai ƙwayoyin kan kwanuka da tumatir ɗin da ke gefe. Shi ya sa hukumomin abinci a Amurka da Ingila suke cewa kada a wanke kaza sam. To, su tasu a gyare take zuwa cikin leda. Wadda aka fige miki a kasuwa dole ki cire jini da ragowar gashi. Ki yi hakan a cikin roba, a hankali, ba a ƙarƙashin famfo ba, sannan ki wanke roba da wuƙa da hannuwanki da sabulu.

Inda aka fi yin kuskure a wannan girkin shi ne ganyen ƙarshe. Ɗaɗɗoya ko na'ana'a da za a barbaɗa ba za su sake ganin wuta ba. In kika yanka su da wuƙar da ta yanka kaza, kin mayar da abin da wutar ta kashe.

Ina da ciwon suga shekara shida. Iyalina na yin wannan girkin, ni kuma ina kallo. Zan iya ci? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Malam, za ka iya ci, sai dai da awo. Taliya sitaci ce, za ta ɗaga suga, amma yadda aka dafa ta yana da tasiri. Wadda aka sauke da ɗan ƙarfinta ba ta ɗaga suga da sauri kamar wadda ta yi luguf. Ka roƙi uwargida ta rage mata minti ɗaya ko biyu.

Ka raba farantinka a ido: rabi ganye, kamar kabeji ko alayyafo ko koren wake, kashi ɗaya cikin huɗu kaza, sauran taliya. Mu kuwa mun saba akasin haka, tulin taliya da ɗan yankan nama a kai kamar ado. Kada ka haɗa da lemun kwalba. In kana da na'urar gwaji a gida, ka auna suganka awa 2 bayan fara cin abincin, ka nuna wa likitanka sakamakon. Kuma kada ka rage ko ka daina shan maganinka don wai ka ci da lemun tsami, kana zaton zai sauke maka suga.

Mahaifiyata na da hawan jini, an hana ta gishiri, abinci ya daina yi mata daɗi. Wannan girkin zai dace da ita?

Zai dace, in kin kiyaye abu ɗaya. Idan aka dafa taliya ita kaɗai, ana tsiyaye ruwan, wani kaso na gishirin ya tafi da shi. A girkin kasko ɗaya ba a zubar da komai, taliyar ce ke shanye romon. Duk abin da kika zuba, cikin Mama zai shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na cikin burodi da dunƙulen magi. Mutane da yawa sukan ce min sun daina gishiri, in na tambaya sai in ji suna jefa magi huɗu a tukunya, alhali shi ma yawancinsa gishiri ne. A nan lemun tsami yake da rana. Tsaminsa yana tayar da ɗanɗano, har harshe ya rage neman gishiri. Ki haɗa da tafarnuwa da citta da masoro, ki yi romon da kanki daga ƙashin kaza, ki cire fatar saboda kitse. Lemun kuma sai kin kashe wuta za ki matse, domin dogon zafi yana lalata bitamin C.

Ki ba ta makonni kaɗan, harshe yana sabawa.

Ina da olsa. An ce lemun tsami ne ya jawo min.

Ba shi ba ne. Yawancin gyambon ciki ƙwayar cutar H. pylori ce ke kawo shi, sai kuma yawan shan magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac. Lemun na iya tayar wa wasu ƙwannafi ko zafin ciki. In kana cikinsu, a ɗebar maka naka kafin a matse. Ka je a gwada ka, domin ana warkewa. In ka ga baƙin bayan gida ko amai da jini, asibiti nan take.

Nakan dafa da dare in bar ragowar a tukunya, da safe in ɗumama wa yara. Ba mu cika samun wuta ba. Akwai matsala? Daga wata 'yar'uwa a Bauchi.

Akwai, 'yar'uwa, kuma ba kazar kaɗai ba. Dafaffiyar taliya, kamar shinkafa, gida ce ga wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus. Irinta yana tsallake dahuwa, in abinci ya huce ya daɗe a ajiye sai ta farfaɗo ta zuba guba. Ita wannan gubar ɗumame ba ya kashe ta, komai turirin da tukunya ta yi. Amai kan fara cikin 'yan awoyi bayan ci. Abincin kuma ba lallai ya yi wari ko yauƙi ba, don haka shinshinawa ba gwaji ba ne.

Ƙa'idar ita ce a sa ragowar a firji cikin awa 2, ko awa 1 in zafin gari ya haura digiri 32, wanda a bazara kusan kullum ne a wurinmu. A juye a kwano mai faɗi don ya huce da wuri. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a buɗe shi ba. Tunda wutar taku ba ta da tabbas, ki auna taliyar daidai cikin mutanen gida. In ta yi saura, ki miƙa wa maƙwabta ko almajiri tun da zafinta, yara kuma ki dama musu koko da safe.