Sa wilin zamani a tsohon keke

Malam, ka tambaya ko wilin 700C (girman wilin keken zamani) zai shiga tsohon kekenka mai wili inci 27. Zai shiga, amma ka yi awo tukuna.

Faɗin da'irar rim (ƙarfen da taya ke zama a kai) na inci 27 milimita 630 ne, na 700C kuwa 622, don haka dole robar birki ta sauko da milimita 4. In ba ta kai ba, gefen taya za ta riƙa ci har ta fashe. Maganinsa birki mai dogon hannu.

Sai tazarar ƙafafun firam na baya, inda wili ke shiga: yawancin tsofaffi milimita 120 ne ko 126, na zamani masu birkin roba 130. Firam na ƙarfe, mai gyara zai iya buɗa shi a hankali ya daidaita. Na alminiyam kuwa kada a gwada, tsagewa yake yi.