Ɗana yana da sikila, an ce zunubin kakanni ne yake binsa

Tambaya: Ni Kirista ce, 'ya'yana uku. Na tsakiyar, mai shekara huɗu, yana da ciwon sikila, da wuya mu yi wata biyu ba mu kwana asibiti ba. Wani mai wa'azi da ya zo taron farkawa a unguwarmu ya ce tunda kakan mijina ɗan bori ne, la'anarsa ce ta sauka a kan yaron, domin shi ne tsara ta huɗu. Ya karanta mana Fitowa 20:5, ya ce sai mun yi azumin kwana bakwai har da yaron, mun kuma ba da kuɗin shuka, wato kuɗin da ake ba mai wa'azi da fatan samun albarka, kafin a karya la'anar. Tun muna makarantar Lahadi aka koya mana cewa mun gaji zunubin Adamu. To in ana gadon na Adamu, me zai hana a gaji na kaka? Allah yana hukunta ɗana ne? Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da jinya, Ubangiji ya ba yaron sauƙi. Abu na farko, tun kafin a shiga ayoyi: kada ki bari a sa yaron nan azumi, ko na wuni ɗaya. Rashin ruwa a jiki yana cikin manyan abubuwan da ke tayar wa mai sikila da ciwo, jininsa ya yi kauri, ƙananan jijiyoyi su toshe. Kwana bakwai kuwa kasada ce da ransa.

Amsar tambayarki ita ce a'a, Allah ba ya hukunta ɗanki saboda borin kakan mijinki. Abin da ya rikita maganar shi ne kalmar "gado". An zuba abubuwa uku a ƙwarya ɗaya: zunubin asali da ya shafi dukan 'yan Adam, da illar da aikin iyaye ke jawo wa 'ya'ya, da kuma alhakin laifi, wato wanda za a tuhuma a gaban Allah. Kowanne da hukuncinsa a Littafi Mai Tsarki.

Zunubin asali tushensa Romawa 5:12, inda Bulus ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo bayansa, ta kuma bazu ga kowa. Dawuda ma a Zabura 51:5 ya ce tun yana ciki yake cikin zunubi. Wanda ya tsara koyarwar yadda ikkilisiyoyin yamma suka karɓe ta shi ne Agustin, bishop na garin Hippo, wanda yau ake kira Annaba a Aljeriya. Ya rasu a shekara ta 430. Ya yi doguwar jayayya da Pelagiyus, wani malami ɗan Birtaniya da ke cewa kowane jariri ana haifarsa fes kamar Adamu kafin faɗuwa, mugun misali kawai yake koyi da shi. Taron bishop-bishop a Kartaj a shekara ta 418 ya ƙi koyarwar Pelagiyus. Daga nan ɗariku suka bambanta a kan bayanin. Katolika suna cewa hali ne da ake samun kai a ciki, ba laifi ne da jariri ya aikata da hannunsa ba, baftisma tana kawar da shi amma karkatar zuciya zuwa mugunta tana nan. Magadan Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, suna cewa Adamu wakilinmu ne, don haka an lissafta mana laifinsa kamar yadda ake lissafta wa mai bi adalcin Almasihu. Ikkilisiyoyin Otodoks na gabas sun fi cewa mutuwa da lalacewa muka gada, laifin kuwa na Adamu ne. Ana ganin ɓurɓushin wannan bambanci a wurin baftisma: Katolika da Angilika da Lutaran suna yi wa jarirai, ECWA da Baptis suna jira sai mutum ya furta bangaskiya da bakinsa.

Duk da wannan saɓani, ki lura da inda suka haɗu. Ba ɗaya daga cikinsu da ya ce wani gida ya fi wani gida rabo a zunubin asali. Ɗan fasto da ɗan boka daidai suke a ciki. Saboda haka koyarwar tana iya bayyana dalilin da ya sa akwai cuta da mutuwa a duniya gaba ɗaya, kamar yadda Romawa 8:20-22 ta ce dukan halitta tana nishi, amma ba ta iya bayyana dalilin da ya sa ɗanki na tsakiya ke ciwo, yayansa da ƙaninsa suna lafiya. Kuma matsayin da Bulus ya ba Adamu bai ba kowane kaka ba. A Romawa 5 mutum biyu kaɗai ne ke tsaye a madadin jama'a, Adamu da Almasihu. Kakan mijinki ba na uku ba ne.

Sai ayar da aka karanta muku. Gaskiya ne Fitowa 20:5 ta ce Allah yana ɗora muguntar iyaye a kan 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Amma mai wa'azin ya tsaya a tsakiyar magana. Ayar ta ƙare da cewa na waɗanda suke ƙina, aya ta 6 kuma ta ce yana nuna ƙauna ga dubbai na masu ƙaunarsa. Ana maganar zuriyar da ta ci gaba da bautar gumakan iyayenta ne. Tsara uku zuwa huɗu kuwa shi ne adadin da kan zauna a gida ɗaya a Isra'ila ta dā, kamar gidan gandu a ƙasar Hausa, kaka da 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne a tukunya ɗaya. Idan maigida ya kafa tsafi a tsakar gida, duk wanda ya tashi a gidan da shi zai buɗe ido. Wannan shi ne abu na biyu, illar aikin iyaye, kuma kowa ya san da ita: uban da ya shanye kuɗin gona da giya, 'ya'yansa ne za su kwana da yunwa. Sun sha wahalar laifinsa, amma ba su ne masu laifin ba.

A kan alhakin laifi, Littafi Mai Tsarki bai bar wurin shakka ba. Maimaitawar Shari'a 24:16 ta hana a kashe 'ya'ya saboda iyaye ko iyaye saboda 'ya'ya. Sarki Amaziya ya yi aiki da wannan doka: ya kashe fadawan da suka kashe mahaifinsa, ya ƙyale 'ya'yansu, a 2 Sarakuna 14:5-6. Amma surar da ya kamata ki zauna ki karanta daga farko har ƙarshe ita ce Ezekiyel 18. Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila suna da karin magana, wai iyaye ne suka ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Duk wanda ya taɓa tsotsar ɗanyar tsamiya ya san haƙoran wanda ya sha ne ke mutuwa. Allah ya rantse ya ce kada a ƙara yin wannan karin magana a Isra'ila. Sai ya jera tsara uku: mutum adali a aya ta 5 zuwa 9, ɗansa mugu mai bin gumaka a aya ta 10 zuwa 13, sai jikan da ya ga abin da ubansa ya yi ya ƙi bin sawunsa a aya ta 14 zuwa 17. Hukuncin jikan shi ne ba zai mutu saboda laifin ubansa ba. Aya ta 20 ta rufe maganar da cewa ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Irmiya 31:29-30 ta kawo wannan karin maganar ta kuma soke ta, dab da alkawarin sabon alkawari. Tarihin sarakunan Yahuza ma shaida ne: Ahaz mai ƙona ɗansa hadaya shi ya haifi Hezekiya mai tsoron Allah, Yosiya mai gyaran haikali kuma jikan Manassa ne.

Akwai wuri ɗaya mai wuya, gara ki ji shi a nan da a jefe ki da shi a wani taron. A 2 Samuila 12, jaririn da Batsheba ta haifa wa Dawuda ya mutu bayan zunubin Dawuda. Labarin yana da nauyi, ba kuma za a rage masa nauyin da dabara ba. Amma annabi Natan ne aka aiko da saƙo a kan mutum ɗaya da laifi ɗaya sananne, nassin bai mai da shi ma'aunin kowane yaro marar lafiya ba. Waɗanda suka yi ƙoƙarin mai da irin wannan ma'auni su ne abokan Ayuba, da suka nace lallai akwai ɓoyayyen laifi a bayan masifarsa. A Ayuba 42:7 Allah ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba.

Yesu kansa an yi masa tambayarki kusan kalma da kalma. A Yohanna 9 almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. A Luka 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Game da bori kuwa, 1 Bitrus 1:18-19 ta ce an fanshe ku daga banzar al'adar da kuka gada wurin kakanni, ba da azurfa ko zinariya ba, sai da jinin Almasihu. Ki riƙe wannan "ba da azurfa ba" in an sake kawo zancen kuɗin shuka. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don baiwar Allah, a Ayyukan Manzanni 8:20, tsawa ya sha. Elisha ma ya ƙi karɓar komai daga Na'aman bayan ya warke daga kuturta. A Afisa masu sihiri da suka tuba sun ƙone littattafansu, ba a kuma ji an ce wa jikokinsu su zo a karya musu wata la'ana ba. In akwai laya ko guru da wani a gidanku yake dogara da shi har yanzu, wannan maganar tuba ce ta mai riƙe da shi. In babu, babu bashin da ya rage.

To ina ciwon ya fito? Gado ne, amma na jini. A kan nau'in jini, kowane mutum yana karɓar ƙwayar halitta ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba: A ita ce lafiyayya, S kuma ta sikila. Yaro ba ya zama SS, wato mai ciwon sikila, sai ya karɓi S daga ɓangarorin biyu, wato ke ma kina ɗauke da ita, ba dangin mijinki kaɗai ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen kaka ɗaya. Idan ku biyun AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Kowane ciki da lissafinsa, haihuwar SS ɗaya ba ta kare na gaba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da S, Kirista da Musulmi da mai addinin gargajiya, kuma dalilin yawanta a yankinmu shi ne mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Jajayen ƙwayoyin jinin mai SS sukan lanƙwashe kamar lauje, suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kamar 120, shi ya sa jini ke yawan ƙaranci, idanu su yi ɗorawa.

Abin da ke hannunki ke nan. Ya riƙa shan ruwa sosai, musamman lokacin zafi. Ya kwana cikin gidan sauro, a rufe shi da kyau lokacin hunturu, a guji wanka da ruwan sanyi. A cika masa allurar rigakafi. Likitoci sukan ba da folik asid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da fenisilin ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Tunda kwanciyarsa tana yawa, ki tambayi likitansa ko ya dace a sa shi a kan haidroksiyuriya, maganin da ke rage yawan tashin ciwon, wanda sai da gwajin jini a kai a kai ake shansa. Zazzaɓin da ya kai digiri 38.5 a ma'aunin Selsiyus, ko numfashi sama-sama, ko ciki ya kumbura farat ɗaya yaron ya yi fari fat, ko hannu ko ƙafa ko gefen fuska ya saki, duk na asibiti ne a take, ko da tsakar dare. A gwada sauran yaran biyu su san nau'in jininsu tun kafin maganar aure ta taso.

Addu'a ba ta saɓa wa ko ɗaya cikin waɗannan ba. Yaƙub 5:14 ta ce a kira dattawan ikkilisiya su yi wa marar lafiya addu'a su shafa masa mai, kuma ba a ambaci kuɗi a wurin ba. Ki kira na ikkilisiyarku, waɗanda suka san ki, ki kuma gaya wa fastonku abin da baƙon ya faɗa, don wataƙila ba ke kaɗai ya gaya wa ba. In warkarwa ta yi jinkiri, kada ki karɓi zargin cewa bangaskiyarki ce ta gaza. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas da ciwo a Militas, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon ciki. Daren da kika rasa abin faɗi a bakin gadon asibiti, ki buɗe Zabura 13 ko 88. Masu bi ne suka rubuta su, kuma ta 88 ba ta ƙare da an samu sauƙi ba, duk da haka tana cikin Littafin.