HBeAg ya ɓace, amma ƙwayar cutar tana nan da yawa

Ɗan'uwa, ka ce gwajin ciwon hanta nau'in B ya nuna ba ka da HBeAg, wato wani furotin da ƙwayar cutar ke saki a cikin jini, amma ƙwayar cutar ta yi yawa a jininka, ko kuskuren ɗakin gwaji ne? Ba lallai ba.

Ƙwayar nan ba ta gyara kuskure idan tana kwafar kanta, shi ya sa sauye-sauye ke yawan shiga ƙwayoyin gadonta. Sananne a cikinsu shi ne G1896A: harafi ɗaya tak ke canzawa, sai umarnin ƙera HBeAg ya katse tun bai yi nisa ba. Furotin ɗin ya daina fitowa, ita kuwa tana ta hayayyafa abinta, don ba ta buƙatarsa wajen hakan. Akwai kuma A1762T da G1764A, su rage yawan HBeAg kawai suke yi.

Ƙwayar tana da jinsi daban-daban. Jinsin E, wanda ya fi yawa a Afirka ta Yamma, yana karɓar sauyin farkon cikin sauƙi, jinsin A kuwa da wuya.

Saboda haka kada ka saki jiki. Kai wa likitan hanta sakamakon DNA (gwajin yawan ƙwayar a jini) da na ALT (gwajin da ke nuna ko hanta na samun illa), shi zai duba ko lokacin fara shan maganin tenofovir ya yi.